Launin motar Baba a jikin ƙaramar Bitil: ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum Malam. Yayana ne ya zo mini da tsarabar motar haɗawa, Volkswagen Beetle ta 1966 ta kamfanin Tamiya, sikeli 1:24, wato an rage girman ta gaske sau 24. Burina in yi mata fenti irin na motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wadda aka sayar tun ina ƙarami. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne da aka ɗauka a ƙofar gidanmu a Samaru. Hajiyarmu ta ce motar ruwan omo ce, amma ni a hoton toka-toka nake gani mai ɗan ja-ja. Takardar cikin kwalin kuma cike take da lambobi, X-18, XF-1, TS kaza, na zaga Sabon Gari ban sami wanda ya san su ba. Ko in sayi gwangwanin feshi na kasuwa in fesa kawai? Ina tsoron in lalata ta, don ita kaɗai gare ni."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: mene ne ainihin launin motar, a ina za ka sami fentin da zai ba ka wannan launi a nan Zariya, kuma yaya za ka sa shi a jikin roba ba tare da ya cinye ta ba. Ka yi dabara da ka tsaya ka tambaya kafin ka fesa, domin a wannan aiki barna ta fi zuwa daga gaggawa, ba daga rashin kayan waje ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, lambar da ke takarda ba ita ce launi ba. Launi shi ne abin da idonka ya gani bayan fenti ya bushe, a kan irin shimfiɗar da ka yi masa, a ƙarƙashin hasken rana. Duk sauran bayanin da zan yi maka hanya ce ta isa ga wannan.

Lambobin da ke cikin takarda

Waɗannan lambobi na kamfanin Tamiya ne na Jafan, kuma shi ya sa masu fenti na Sabon Gari ba su san su ba, ba laifinsu ba ne. Harafin X yana nufin fentin kwalba mai sheƙi, XF marar sheƙi, TS kuma gwangwanin feshi ne mai cin mililita 100. Don haka X-1 baƙi ne mai sheƙi, XF-1 baƙi ne dusashe, X-18 baƙi ne mai rabin sheƙi, X-2 fari, X-11 ruwan azurfa mai walƙiya, XF-16 ruwan alminiyon, X-26 da X-27 kuma ruwan goro ne da ja masu garai-garai, waɗanda ake sa wa gilashin fitilun baya. A ƙarƙashin kowace lamba, ko a shafin farko na takardar, za ka ga an rubuta sunan launin. Wannan sunan kake bukata. Kowane kamfani da nasa lambobin: baƙi marar sheƙi a wurin Humbrol na Ingila 33 ne, a wurin Revell na Jamus 08 ne. A intanet akwai jadawalin da ke nuna wanne ya yi daidai da wanne, amma ka ɗauke shi a matsayin kusa-kusa. Baƙi da fari da azurfa sukan dace, shuɗi da kore kuwa da wuya biyu su zo ɗaya sak.

Kada ka ɗora wa yayanka ko wani matafiyi nauyin zuwa maka da gwangwanin TS a jaka. Fentin feshi yana cikin kayan da ba a yarda a hau jirgin sama da su, kuma saboda wannan dalilin ne yawancin masu sayarwa a intanet ba sa aiko shi. Fentin ruwa na ƙananan kwalabe, irin na Vallejo na ƙasar Sifen, shi ne ya fi sauƙin isowa.

Wace mota kake nema?

Nan ne aikinka ya bambanta da na wanda kawai yake son ya bi takarda. Mota guda tana iya yin launi uku a rayuwarta: wanda ta fito da shi daga kamfani, wanda rana ta mayar da shi bayan shekaru a tsakar gida, da wanda wani mai fenti ya sake fesa mata bayan an yi gyaran bodi. Tsohuwar mota a ƙasar nan da wuya ta kai shekara goma sha ba a sake mata fenti ba. Sai ka yanke shawara wanne kake bi. Ni a ganina, tunda abin da kake so shi ne mutanen gida su kalla su ce ga motar Baba, to launin da suka sani za ka bi, ko da ya ɗan kauce wa na kamfani.

Amma na kamfani shi ne wurin farawa. Volkswagen tana ba launukanta lambobi masu farawa da L. A Bitil ta 1966 akwai L41 baƙi, L87 fari mai ɗan ruwan madara, L456 ja mai duhu, L518 kore, L595 ruwan toka, L568 ruwan yashi, sai shuɗi iri biyu: L360, wanda ake kira Sea Blue, mai ɗan duhu, da L519, Bahama Blue, mai haske wanda ya ɗan karkata zuwa kore. Idan motar Baba ta wannan shekara ce kuma ba a canza mata fenti ba, abin da Hajiya ta kwatanta ya fi kama da L519. A shekarar da ta biyo baya an shigo da wani shuɗi mai haske, L639, wanda ya fi karkata zuwa toka-toka, shi ma ka sa shi a lissafi.

Sai dai ka fara duba fitilun gaba a hoton. Idan gilashinsu a kwance yake yana bin gangaren fenda, kuma bamba siririya ce mai lanƙwasa, to motar ta zamanin kit ɗinka ce, wato motar haɗawar da aka kawo maka. Idan fitilun a tsaye suke, bamba kuma mai faɗi ce mai kusurwa, to ta 1968 ce zuwa sama, wataƙila ma cikin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas daga 1975. In haka ne, jerin launukan 1966 ba zai yi maka amfani sosai ba, sai ka dogara da ido da shaidar mutane. Wannan ba zai hana ka yi wa taka fentin ba. Idan wata rana ka so siffar ta dace ita ma, Revell na da Bitil ta 1968 a sikeli ɗaya.

Dalilin da ya sa na fi yarda da Hajiya a kan hoton

Hoton kala na da, wanda aka wanke a situdiyo, an gina shi ne da rini hawa uku: shuɗi mai ruwan sama, ja mai ruwan hoda, da ruwan ɗorawa. Ba tare suke kodewa ba. A hotuna da yawa na shekarun 1970 da 1980, shuɗin ne ke fara guduwa, sai jan ya rage ya mamaye komai. Shi ya sa idan ka buɗe albam ɗin gidan kowa za ka ga fuskoki da bango da sama duk sun yi ja-ja. Motar da take ruwan omo, in aka zare mata shuɗi, me zai rage? Toka-toka mai ja-ja, daidai abin da kake gani. Hoton bai ƙaryata Hajiya ba, gaskata ta ma ya yi.

Akwai ɗan abin da za ka iya yi da shi. Ka fitar da hoton inuwa da hantsi, ka ɗauke shi da waya ba tare da fitilar waya ba. Ka nemi wani abu a cikinsa da kowa ya tabbata fari ne, farar rigar Baba ko hularsa ko bangon da aka shafa wa farar ƙasa. A wurin gyaran hoto na waya, ka riƙa rage ja da ɗumi har abin nan ya koma fari. Abin da motar ta zama a lokacin zai nuna maka dangin launin, ko shuɗi ne mai son kore ko mai son toka. Iyakarsa ke nan. Kada ka kai wa mai haɗa fenti waya ka ce ya yi maka irin wannan. Fuskar waya haske take fitarwa, fenti kuwa haske yake mayarwa, kuma wayoyi biyu ma ba sa nuna launi ɗaya iri ɗaya. Ka ɗora taka kusa da ta abokinka da hoto guda, za ka gani da idonka.

Abin da ya fi hoto daraja shi ne guntun ƙarfe mai fentin asali. Ka nemi tsofaffin makanikai da masu gyaran bodi waɗanda suka yi zamani da Bitil, ka tambaye su ko akwai gawar wata a bayan gareji. Masu haɗa fenti sun saba cewa a kawo musu murfin tankin mai, amma Bitil ta 1966 ba ta da wannan murfi a waje, bakin tankinta yana cikin but ɗin gaba. Madadinsa shi ne murfin ɗan akwatin dashbod, domin ƙarfe ne kuma fentinsa ɗaya da na jikin mota, ga shi rana ba ta dukansa kamar rufi. Ka duba kuma cikin but kusa da safaya, nan ne kamfani kan liƙa 'yar takardar lambar fenti, kuma nan ne mai sake fenti ba ya cika kaiwa. In ka sami irin wannan guntu mai shuɗi mai haske, ka goge shi da ɗan man goge mota ka kai wa Hajiya. Kalma ɗaya daga bakinta, "ya fi wannan haske" ko "bai kai haka kore ba", ta fi maka awa guda kana zura wa hoto ido.

Haske

Duk mai sayen shadda ya san ba a yanke hukunci a cikin shago, sai an fito da ita bakin ƙofa an ɗaga ta a rana. Haka fenti yake. Launi biyu da aka haɗa da sinadarai daban suna iya dacewa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, su rabu da zarar an fito waje. Tsohon ƙwai mai ja yana ba da haske wajen 2700 a ma'aunin launin haske na Kelvin, hasken rana na tsakiyar yini kuwa ana ƙiyasta shi a 6500, kuma ƙananan fitilun caji masu farin haske mai shuɗi-shuɗi sun fi kowa ruɗin ido a kan shuɗin fenti. Ka riƙa gwada launi a inuwa mai haske, tsakanin hantsi da azahar. Banda la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi ja, banda kuma ranar da hazon hunturu ya rufe gari, domin ranar komai ruwan ƙasa-ƙasa yake.

Inda za ka sami fenti

Hanya uku ce a gabanka, kuma ba daidai nake ganinsu ba.

Wadda ta fi ba da launi na gaskiya ita ce masu haɗa fentin mota, waɗanda masu gyaran bodi ke saye a wurinsu. Waɗannan mutane idonsu ya goge, kullum aikinsu ke nan, su dubi ƙofar mota su haɗa abin da zai ɓace a jikinta. Ka je da guntun ƙarfenka, ka faɗi lambar L519 ko da akwai mai littafin launuka, ka ce mafi ƙanƙantar awo kake so. Motarka tsawonta bai wuce santimita 17 ba, domin ta gaske mita 4 ce da 'yan kai, an raba ta gida 24. Ka ce masa fenti zalla kake so, kada ya sa metalik ko kaɗan. Launukan Bitil da na lissafa maka duk zalla ne, kuma ƙyalƙyalin da ke cikin metalik na motar gaske, in ya hau ƙaramar mota, sai ya yi girma ya zama kamar an barbaɗa mata kwalliya. Matsalar wannan hanya ita ce fentin mota ba ya shafuwa da burushi, yana bushewa kafin ka ja hannu na biyu. Sai da ƙaramar bindigar feshi irin ta masu zane, da ɗan kwamfuresa. Idan ba ka da ita, ka tambaya cikin ɗaliban sashen zane da na tsara gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, tunda a Samaru kake, akan sami mai ita. Babbar bindigar da ake fesa wa mota ba na ba ka shawararta, tana zubo fenti da yawa har ya cike layukan ƙofa da ramukan iska na ƙasan gilashin baya, motar ta fito kamar an tsoma ta.

Ta biyu ita ce gwangwanin feshi na kasuwa da ka ambata. Za ka iya, kuma mutane da yawa da shi suke aiki. Abin da za ka rasa shi ne zaɓi, domin shuɗi mai haske iri ɗaya ko biyu za ka samu, kuma launin murfin gwangwani ba alkawari ba ne. Amma zan faɗa maka ra'ayina ƙarara: launin da ya kusa, wanda ya kwanta sumul, ya fi launin da ya dace sak amma aka shafa shi da burushi ya bar sawu. Ido yana yafe ɗan bambancin launi, ba ya yafe jiki mai kurji.

Ta uku ita ce fentin akirilik na tub da ake sayar wa masu zane. Yana haɗuwa da kyau, ba ya cin roba, ba shi da wari, kuma ga kujeru da ƙasan mota da inji ya wadatar. A jikin mota kuwa sai an sirka shi sosai, an yi hawa-hawa sirara, sannan a rufe da kiliya, wato fentin nan garai-garai marar launi da ake yi a hawan ƙarshe, in ba haka ba farce kaɗai zai ɗaye shi.

Roba ba ta son fenti mai zafi

Wannan sashe shi ne amsar tsoron da ka ce kana ji, kuma tsoro ne mai dalili. Robar da ake yin waɗannan motoci da ita ana kiranta folistarin, kuma tinar selulos, ruwan da ake sirka fenti da shi, tana narkar da ita. Fentin mota da yawancin gwangwanayen kasuwa suna ɗauke da irin wannan tina. In ka fesa su kai tsaye da kauri, fuskar robar za ta yamutse ta yi tsage-tsage, kuma wannan ba ya gyaruwa da sake fenti, sai an kankare. Maganinsa firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa kafin launi. Ka wanke jikin motar da ruwa da sabulun wanke-wanke, ka bar shi ya bushe, ka bi shi a hankali da samfefa mai laushi, lamba 1000 ko sama, da ruwa. Sannan ka fesa firaima daga nesa kamar taƙi ɗaya, hawa na farko ya zama kamar raɓa ce ta sauka, har kana hango robar ta ƙasa. Ka jira ya sha iska, ka ƙara, ka sake ƙarawa. Siraran hawan nan suna bushewa kafin tinar ta sami lokacin cin roba, su ne kuma za su zama katanga tsakaninta da fentin da zai biyo baya.

Launin firaima yana shiga cikin launin ƙarshe, musamman ga launuka masu haske. Shuɗinka a kan firaima ruwan toka zai yi duhu ya dusashe, a kan fari zai fito tas. Fari nake ba ka shawara.

Akwai kuma ƙa'idar wanda ke hawa kan wani. Mai zafi, wato dangin selulos, shi ne a ƙasa. Fentin mai yana iya hawa kan mai zafin, fentin ruwa yana iya hawa kan duka biyun. In ka juya, ka fesa mai zafi a kan fentin mai, na ƙasan zai tashi ya tattare. Shi ya sa ya fi aminci firaima da fenti da kiliya su zama na kamfani ɗaya. Kiliyar mota mai hadina, wato sinadarin da ke sa ta tauri, wadda ake kira 2K, ka bar wa masu sana'ar. Tana da sinadarin da ke lahanta huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, kuma a ƙaramar mota sheƙinta ya yi yawa, Bitil ta wancan zamani ba ta walƙiya haka. Kowane feshi ma a waje za ka yi shi, nesa da murhu da tukunyar gas da yara.

Cokalin roba

Idan ka manta duk abin da na faɗa, kada ka manta wannan. Ka sayi ƙullin fararen cokulan roba irin na abincin biki. Bayan cokali yana da lanƙwasa kamar fendar Bitil, saboda haka yana nuna maka yadda launi zai yi a inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta, abin da takarda shimfiɗaɗɗiya ba za ta nuna ba. Da yawansu kuma da irin robar kit aka yi su, sai dai don tabbatar fenti ba zai ci robar ba, ka gwada shi kuma a kan sandunan da sassan motar suke maƙale a jiki, tunda su robarsu ɗaya ce da motarka.

Duk abin da za ka yi wa motar, ka fara yi wa cokali, daki-daki: firaima iri ɗaya, yawan hawa iri ɗaya, kiliya iri ɗaya. Kada ka yanke hukunci yana ɗanye. Akirilik yakan ƙara duhu in ya bushe, kiliya kuma tana ƙara wa kowane launi zurfi. Ka rubuta haɗin kowane cokali a mariƙinsa da maka. Ni abin da nake yi, nakan jera su a kan tire bisa farin ƙyalle, daga mai haske zuwa mai duhu, in ɗora guntun ƙarfen a tsakiya, in ja da baya kamar taku biyu in ɗan runtse ido. Wanda ya narke cikin ƙarfen, ban ga iyakarsu ba, shi ne. Kai kuma kana da alƙali da ya fi nawa. Ka kai wa Hajiya tiren a tsakar gida da hantsi, kada ka nuna mata wanda kake so, ka bar ta ta ɗauka da kanta. In akwai kawunku ko gwaggo da suka shiga motar, su ma a tambaye su, kowa shi kaɗai, don kada wani ya bi bakin wani. In bakinsu ya zo ɗaya a kan cokali guda, ka gama. In sun rabu tsakanin biyu maƙwabtan juna, ka ɗauki na Hajiya.

Idan da kanka za ka haɗa

Daga fari ake farawa, a riƙa ɗiga shuɗi, ba a farawa daga shuɗi a ce za a haskaka shi, fari mai yawa zai ci. Ka sayi sirinji a kemis, ka cire allurar, ka riƙa awo da shi. A matsayin mafari, ka gwada kashi 10 na fari da kashi 2 na shuɗi mai ruwan sama. Abin da zai fito zai yi kyau amma zai yi tsabta da yawa, kamar na kayan wasan yara. Fentin mota na da yana da ɗan dauɗa a cikinsa. Ka taɓa kore da bakin tsinken ashana ka juya a ciki, ka duba. Sannan ka kashe kaifinsa da ɗigon ruwan toka ko ɗan ruwan ƙasa. Ka guji baƙi, ɗigo ɗaya yana iya kashe kwalba guda. Kuma kada ka gauraya fentin ruwa da na mai, ko na kamfanoni biyu da ba ka gwada ba, yakan guntse ya zama kamar dusa.

In haɗi ya dace, ka yi ninki biyu na abin da kake zaton za ka bukata, a lokaci ɗaya. Dashbod ɗin wannan mota da saman ƙofofi ta ciki launin jiki ne, za su ci nasu, kuma ranar da gam ya taɓa fenda za ka so ragowa. Sake haɗa launi ɗaya sak bayan wata guda abu ne mai wuya ko da ka rubuta awon.

Za ka ji masu wannan sana'a suna cewa a ƙara fari saboda ƙanƙantar mota, wai kallon ta daga mita 1 daidai yake da kallon ta gaske daga mita 24, kuma nisa yana kodar da launi. Ga jiragen yaƙi da tankoki masu fenti dusashe maganar tana da tushe. Ga mota mai sheƙi a wannan sikeli, kuma mai launi mai haske dama, ban ga bukatarsa ba.

Sheƙi ya fi launi tona asiri

Abin da ke sa ƙaramar mota ta yi kama da ta gaske, sau da yawa ba shuɗin jikinta ba ne, baƙaƙen da ke jikinta ne. Takarda ta raba X-1 da X-18 da XF-1 ne da gangan. Matakin hawa na gefe roba ce, dusashe. Ƙarafan da suka rufe inji rabin sheƙi ne. In ka shafe su duka da baƙi ɗaya mai walƙiya, motar za ta koma abin wasa ko da launin jikin ya dace ɗari bisa ɗari. Da baƙi marar sheƙi guda da kwalbar kiliya za ka iya fitar da duka ukun: shi kaɗai dusashe, an gauraya shi da ɗan kiliya irinsa rabin sheƙi, an rufe shi da kiliya mai sheƙi. Tayoyin kit ɗin roba ce mai laushi, ba sa son fenti, ka ɗan goge tafinsu da samfefa kawai don su yi kamar sun taka ƙasa. Bamba da murfin wili sun zo da rufin azurfa, ka kankare shi a daidai inda gam zai taɓa, in ba haka ba ba za su kama ba. Fitilun baya kuma, in babu X-27 da X-26, maka mai ja da mai ruwan goro wadda ba ta gogewa tana yin aikin idan ka shafa ta cikin gilashin.

Lokacin feshi a Zariya

Yanayinmu yana taɓa launi, ba kwanciyar fenti kaɗai ba. A tsakiyar damina, wajen Agusta, danshin iska yana sa fenti mai zafi ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi, sai ka ga shuɗinka ya kode tun bai bushe ba. Ka jira ranar da gari ya washe. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙwarai, fenti yakan bushe a hanya kafin ya isa jikin mota ya sauka kamar yashi, kuma robar da aka goge da busasshen ƙyalle tana janyo ƙura. Ka ɗan matso da gwangwanin, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin da za ka yi aiki, kuma da ka gama ka kifa wa motar babbar roba mai tsabta, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya don iska. Da bazara, a Maris da Afrilu, da sassafe za ka yi. Kada ka shanya ta a rana don ta yi saurin bushewa, zafin kan kwano ko cikin mota a rufe yana lanƙwasa roba, kuma jikin da ya lanƙwashe ba ya komawa kan shasi.

In duk da haka fenti ya ɓaci, motarka ba ta mutu ba muddin robar ba ta narke ba. Kada ka kusance ta da tina ko abin goge jan farce. Fentin akirilik yana fita in ka jiƙa shi a sifirit mai ƙarfi ka bi shi da tsohon burushin haƙori. Fentin mai yana saki a ruwan sodar sabulu, amma ka sa safar hannu ka kare idonka, kuma ka ajiye shi inda yaro ba zai kai ba. Ka wanke ta sosai, ka bar ta ta kwana ta bushe, sannan ka koma kan firaima.